Abin da masu aikin wutar lantarki a Kalifoniya suka ja hankali a kai

A wata tattaunawa da tsofaffin hannu a aikin wayarin suka yi kan dokar jihar Kalifoniya ta Amurka, bakinsu ya zo ɗaya: duk mai yi wa ɗan kwangila mai lasisin C-10 (lasisin kwangilar aikin lantarki na jihar) aikin wuta, dole ya mallaki shaidar ƙwarewa daga ma'aikatar hulɗar ƙwadago ta jihar.

Babbar shaidar, ta aikin wuta gaba ɗaya, sai an tara awa 8,000 ana aiki kafin a zauna jarrabawa. Ta wayarin gidajen kwana kuwa awa 4,800 ce. A kan batun awannin nan aka fi daɗewa a tattaunawar, domin awannin da babu takardar da ta tabbatar da su tamkar ba a yi su ba ne. Shi ya sa suka ce kowa ya riƙa adana takardun albashinsa tun ranar farko. Ni ma ina ganin wannan ce shawarar da ta fi amfani.

Mai koyo kuma ya yi rajista, ya shiga makarantar da jiha ta amince da ita, ya sabunta katinsa duk shekara, kada ya yi aiki sai ƙarƙashin ƙwararre mai shaida.

Ita shaidar shekara 3 take yi. Sabuntawa na buƙatar awa 32 na ƙarin karatu da awa 2,000 na aiki, kuma wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya sake jarrabawa.