Maket: wane suna za mu raɗa mata da Hausa?

1/
Jama'a, ina neman taimako a kan kalma guda. Akwai masu haɗa ƴan ƙananan motoci da manyan motocin kaya da jiragen ruwa, su fito sak da na gaske, ba abin da ya raba su sai girma. Mu nan Damagaram da muka yi boko da Faransanci "maket" muke cewa, wato maquette, wasu su ce modèle réduit. Ƴan'uwanmu na Kano da Daura kuwa sunan Ingilishi suke kira. Duka aro ne. In za ka yi wa tsohuwarka bayani, ko aka miƙo maka makirfo a gidan rediyo, me za ka ce?

2/
Kafin a fara jefo kalmomi, a san abin da ake raɗa wa suna tukuna. A jikin kwalin da suke zuwa a ciki za ka ga an rubuta 1/24, ko 1/43, ko 1/350. Abin da 1/24 ke nufi shi ne duk santimita 24 a jikin motar gaske, santimita 1 ce a jikin ƙaramar. Tsawo, faɗi, taya, madubi, har marfin tanki, kowa da kasonsa, ba a ƙara wa wannan ba a tauye wancan.

Ɗauki Peugeot 504, Fijon nan da ta fito a 1968, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, ta kuma sha hanyar Magarya da Matamai har ta gode Allah. Tsawonta kusan mita 4 da rabi ne. A 1/24 za ta dawo kusan santimita 19. A 1/43 kuwa santimita 10 da ɗoriya, ta zauna daram a tafin hannu. Direban da za ka sa mata, in tsayinsa mita 1 da 70 ne, santimita 7 zai koma a 1/24. Ka yi shi 10, kansa ya huda rufi.

3/
Cikin shawarwarin da kuka aiko, "motar wasa" ce ta fara shigowa, kuma ita ta fi yawan magoya baya. Ni dai ban yarda ba. Motar wasa don a tura ta a ƙasa aka yi ta, in tayarta ta fi bodi girma ba wanda zai yi ƙara. Wannan kuwa yawanci ko turawa ba a yi, a ɗora ta a teburi ne a rufe da gilashi. Sannan duk wanda ya kwashe watanni yana haɗa jirgi ɗaya, ka ce masa abin wasa ya yi, ka nemi faɗa.

4/
Wani malaminmu, ranka ya daɗe, ya kawo "samfuri". Malam, na ji, amma samfuri ai shi ma baƙo ne da ya daɗe a gida, kuma yana da aikinsa: ɗan ƙyallen da mai shago zai nuna maka kafin ya yanko yadi, ko sabon samfurin waya. In na ce na sayi samfurin Toyota, za a tambaye ni wanne, ba wanda zai kawo wa ransa ƴar abar da ke cikin aljihuna.

"Kwaikwayo" kuma wasa zai kai mu, ko jabun kaya. "Taswira" tana da awo, gaskiya ne, amma a kwance take a takarda.

5/
Wadda ta ba ni dariya ita ce ta wani ƙanena: tunda akwai mutum-mutumi, a ce "mota-mota", a ce "jirgi-jirgi". Ƙanena, hikimar ta yi, sai dai ka faɗe ta da ƙarfi ka ji. Kamar ɗan kamasho ne ke kiran fasinja a tashar Tanut.

6/
Yaya, ke da kika ce "kwatankwaci", kin fi kowa matsowa kusa. Kwatankwacin mota, kwatankwacin jirgi, duk Bahaushe zai gane. Inda na tsaya shi ne, kwatankwaci a bakinmu yana ɗauke da "kusan haka", ba "daidai haka" ba. In aka ce kwatankwacin buhu goma, ana nufin ko tara ko sha ɗaya. Masu wannan aiki kuwa a kan milimita ɗaya sai su ɓalle abin da suka liƙa su sake.

7/
Nan ne maganar motar kara ta taso, kuma ina so in daɗe a kanta, don ita ce ta buɗe mini hanya. Wane ne bai yi ta ba a Birni ko a Zango? A fere ɓawon kara, a yanka totuwa, a soke wannan cikin wancan, a yanko taya daga tsohon silifa. Wanda ya ci gaba ya koma langa-langa da gwangwanin madara da waya. To, wannan maket ce ko ba maket ba ce?

Wasu sun ce a'a, wai maket sai ta roba da ta zo a kwali daga Japan ko Faransa. Wannan magana ba ta da ƙafa. Su kansu Turawan da katako da ƙarfe suka daɗe suna yi. Zubin roba na baya-bayan nan ne. Airfix ta Ingila sai a 1949 ta fitar da tarakta ƙirar Ferguson, daga baya ta biyo da jirgin ruwa. Heller ta Faransa a 1957 aka kafa ta. Tamiya ta Japan ma, da ake ji da ita yau, da katako ta fara. Kuma har gobe wanda ya ƙera komai da hannunsa tun daga tushe, ba tare da ya sayi kwali ba, shi ake sara wa a cikinsu.

Na ga wani matashi a nan garin yana yin irin gingimarin da ke bin hanyar Agadas. Tasha ya je da tef ɗin awo, ya roƙi direba, ya auna kan motar da bodi da tsakanin taya da taya, ya rubuta a bayan kwalin shayi. Da ya dawo gida sai ya raba kowace lamba gida 20. Gwangwanin man girki ya buɗe ya daddale ya yi bodi, sandunan gefe kuma da tsinken tsire. Jarkokin ruwan da ake ratayawa a gefe, waɗanda ake naɗe wa buhu, da guntayen soso ya sassaƙa su ya ɗinke da zare. Bai taɓa riƙe kwalin Tamiya ba, amma abin da ya yi maket ce cikakkiya. Abin da ya raba tasa da motar karan da muka yi muna yara tef ɗin nan ne kawai. Mu da ido muka yi, shi da awo.

8/
Don haka nake ganin dole awo ya fito a cikin sunan. Da farko na so "ƴar-awo": mota ƴar-awo, jirgi ɗan-awo. Sai wata Hajiya ta tuna mini cewa a gidan Bahaushe in an ce awo, hatsi ake nufi, ko kuma zuwa asibiti da ciki. Ƴan awo kuma suna can kasuwar Dole da tiyarsu. Hajiya, na sallama wannan.

9/
Ga wadda na tsaya a kai: ƙirar awo.

Dalilina na farko, harshe ya riga ya saba da wannan gini. Kullum muna jin "mota ƙirar Toyota", "jirgi ƙirar Rasha". To ga "mota ƙirar awo", "jirgi ƙirar awo", "motoci ƙirar awo". Namiji da mace da jam'i duk ba ta canzawa. Lambar ma tana bin ta ba tangarɗa: Fijo ƙirar awo 1 bisa 24. Aikin kansa ƙirar awo ne, mai yin sa kuma mai ƙirar awo. Sannan "ƙira" tana girmama shi, ta zaunar da shi kusa da maƙera, ba kusa da masu tallar balan-balan ba.

10/
Baba, na ga gyaranka: ai motar gaske ma da awo aka ƙera ta. Haka ne, Allah ya ƙara girma. Amma ba wanda ke faɗin haka game da ita, don ba a buƙata, shi ya sa gurbin yake a buɗe. In kuma ana tsoron ruɗani, Hausa tana da maganinsa a kusa: ƴar mota ƙirar awo, ɗan jirgi ƙirar awo. "Ƴar" ta ɗauki ƙanƙanta, "awo" ya ɗauki daidaito.

11/
Mu gwada ta a inda abin ke da wuya. Ƴan motocin ƙarfen nan na Majorette da Matchbox da Hot Wheels fa? Matchbox tun 1953 aka yi ta don ta shiga kwali irin na ashana, saboda haka tirela da ƙaramar mota sukan zo kusan tsawo ɗaya, kowacce da nata awon. Juya Majorette ka duba cikinta, sau da yawa za ka ga an buga awon a nan. Wadda aka kwaikwayo daga motar gaske da awonta, ƙirar awo ce ko da yaro ne ke tura ta. Wadda aka zana daga ka, mai wuta a gefe da injin da ya fi gilashi tsayi, motar wasa ce.

12/
An ce wai me ya haɗa Damagaram da jirgin ruwa, mu da ruwan famfo ma sai an yi haƙuri. To ai ba tuƙawa za a yi ba! Titanic mai tsawon mita 269, a 1 bisa 350 ba ta wuce santimita 77 ba, teburi ya ishe ta. Wanda kuma yake son na gida, ga kwale-kwalen tafkin Chadi. Ni abin da nake kwaɗayin gani ma motocin Citroën guda 8 ne masu sarƙa a baya, waɗanda suka taso daga Aljeriya a watan Oktoba na 1924 suka ratso ta garin nan, lokacin Damagaram ce babban birnin Nijar, kafin a mayar Yamai a 1926.

13/
Sauran ƙananan kalmomin ba su ba da wahala ba. Wadda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali, maƙale a jikin firam ɗin roba, "haɗa-da-kanka" ta ishe ta. Sauya mata taya ko fenti, ko ɗora bodin wata a kan wata, "kwaskwarima" ce, yadda masu gareji ke faɗa. Gam ɗinta dai a kiyaye, ba irin na takarda ba ne: narkar da robar yake yi har ɓangarorin su zama ɗaya, in ya taɓa yatsa ka dafa bodi, zanen yatsanka ya zauna ke nan. Fenti kuma a lokacin hunturu, kana gamawa ka kifa mata roba, in ba haka ba ƙura ta riga ka.

14/
Guda ɗaya ta rage. Akwai aikin da ake yi a ƙarshe, a sa wa sabuwar ƙira tsatsa da ƙura da tabon gas da ƙujewar fenti, ta fito kamar ta shekara goma tana zirga-zirga tsakanin Tanut da Agadas. An kawo "tsufantarwa", an kawo "sa tsufa", wani ya ce "ƙurantarwa". Ta farko ta yi wa baki nauyi, ta ƙarshe ta bar tsatsa a waje. Na fi karkata ga "sa tsufa", amma ina jiran masu fentin mota da dukawa su faɗi abin da suke cewa a wurin aikinsu.