Ƙungiyar adashi za ta iya komawa ƙaramin banki?

Ɗan Kasuwa: Assalamu alaikum. Muna da ƙungiyar gama-kai a ƙauye, tana da rajista da gwamnatin jiha, tana tara kuɗin mambobi tana ba su rance. Yanzu mutanen gari da ba mambobi ba suna son kawo ajiya. Rajistar ta isa, ko sai an nemi lasisi?

Malam Akanta: Wa alaikumus salam. Ba ta isa ba, Alhaji. Rajistar gama-kai iyakarta mambobi. Da zarar kun karɓi ajiyar wanda ba mamba ba, aikin banki kuke yi, kuma wannan sai da lasisin CBN, wato Babban Bankin Najeriya. Tun 2019 aka kasa ƙananan bankunan gida huɗu: na karkara jarinsa naira miliyan 50, na birni miliyan 200, na jiha biliyan 1, na ƙasa biliyan 5. Naku shi ne na farko, reshe ɗaya kawai za ku iya ƙarawa, shi ma cikin ƙaramar hukumarku. Jarin kuma kada ya zama na aro. Za a bi diddigin inda kowane kwabo ya fito.

Hajiya Mai Lissafi: Samun lasisin ba shi ne wahalar ba, riƙe shi ne. Bashin da ya wuce kwana 30 ba a biya ba, kada ya haura kashi 5 cikin 100 na rancen da ke waje. Kashi 20 na ajiyar mutane kuma dole ya zauna a inda hannu zai kai nan take. A karkara nan ake tuntuɓe: kowa manomi ne, kowa ya karɓi rance da faɗuwar damina, ba mai biya sai kaka. Masu ajiya su zo cirar kuɗin taki a watan Yuni, a tarar akwati wayam. Sai kuma daraktoci, su ba kansu da surukansu rance, ma'aikaci ya ji nauyin zuwa ƙofar gidansu neman biya. A Mayun 2023 ƙananan bankuna 179 aka ƙwace wa lasisi.

Malam Akanta: Gaskiya ne, Hajiya. In banki ya rushe, NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, na biyan kowane mai ajiya har naira miliyan 2 tun 2024. Da can dubu 200 ne. Ajiyar da ke hannun ƙungiyar gama-kai kuwa ba ta cikin wannan inshora.

Ɗan Kasuwa: To, mutanenmu ba sa son kuɗin ruwa.

Hajiya Mai Lissafi: Akwai lasisin marar ruwa, CBN ta fitar da ƙa'idojinsa a 2017. Sai dai ku tanadi kwamitin malamai masu duba kowane ciniki, da ma'aikacin da ya iya lissafin murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka bayyana) da salam (a biya kuɗin kaya tun kafin a kawo su).