Abin da Aka Ce Kan Fina-finan Ban Tsoro

Hirarmu kan fina-finan ban tsoro da na zaman ɗar-ɗar ta yi tsawo, amma kusan kowa ya yarda cewa abin da ba a nuna ba ya fi razana mutum. An kawo misalin fim ɗin Jaws na 1975, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane: kifin injin da aka ƙera ya yi ta lalacewa, dole daraktan fim ɗin, Steven Spielberg, ya riƙa ɓoye shi, sai kiɗa da motsin ruwa suka ɗauki nauyin tsoron. Ni ma nan na karkata. Sauti ne ƙashin bayan irin wannan fim. Rage murya ka gani, rabin fargabar ta tafi.

Inda aka fi kuka shi ne ƙarar da ke faɗowa kwatsam don a zabura. Karon farko tana aiki, na biyar kuwa gundura take kawowa. Haka zubar da jini barkatai, da jaruman da ke kutsawa ɗaki mai duhu ba dalili.

An ba da shawarar duba shekarun da aka ƙayyade wa fim kafin yara su zauna, mai fama da rashin barci kuma ya kalla da rana.