Likita ya ce garkuwar jikin karyarmu ce ke cinye jininta: da wane magani za mu fara?

Maman Sadiya, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masu sani nake nema. Karyar da ke mana gadin gida, ruwa biyu ce ta boerboel da ta gida, shekararta 4, nauyinta kilo 30. Kwana uku ke nan ba ta cin abinci, dasashinta ya yi fari sannan ya koma rawaya-rawaya, fitsarinta kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Likitan dabbobi ya auna jini ya ce PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, 17 ne, ya rubuta IMHA a takarda, wai garkuwar jikinta ce ke farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Ya ba mu zaɓin magungunan danne garkuwa: ko firednisolon kaɗai, ko a haɗa da azatayofirin, ko da saikulosforin mai tsada, kuma in jinin ya ƙara sauka sai an yi mata ƙarin jini. Kuɗin hannunmu ba zai ɗauki duka ba. Ina ya fi dacewa mu sa shi? Don Allah masu cewa "ai kare ne kawai" su yi haƙuri, amana ce a hannunmu.

Mai Awon Jini, Asawase

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Kafin maganar zaɓen magani, akwai tambayar da ta riga shi: me ya tayar da garkuwar? A ƙasashen sanyi galibi ba a gano dalili. A Kumasi kuwa kaska ce abin zargi na farko har sai an wanke ta. Kaskar kare mai ruwan ƙasa, wadda ke ɓuya a tsagar bango da ƙarƙashin ɗakin kare, tana ɗauke da ƙwayoyin cuta biyu, babesiya da erlikiya. Babesiya tana shiga cikin jar ƙwayar jini, garkuwa ta far wa ƙwayar da ta kamu har da lafiyayyun da ke kusa. Alamun iri ɗaya ne sak da abin da kika faɗa. In aka danne garkuwa da firednisolon wata da watanni alhali ƙwayar cutar na nan, an ɗaure mai gadi ne an bar ɓarawo a ɗaki.

Ki tambayi likita ko an yi waɗannan, dukkansu ba masu tsada ba ne. A shafa jini a gilashi a duba a madubin awo, kuma a ɗebi ɗigon daga gefen kunne, don babesiya ta fi taruwa a ƙananan jijiyoyi. A nan ne kuma ake ganin ƙwayoyin da suka ƙanƙance suka dunƙule kamar ƙwallo, waɗanda ke nuna garkuwa ta gutsure su. Sai gwajin ruwan gishiri: ɗigon jini 1 a ɗigo 4 na ruwan gishirin asibiti. In ƙwayoyin suka ci gaba da cuɗewa kamar dambu, garkuwa ta manne musu. Inda abin bai fito fili ba ne ake zuwa gwajin Coombs, mai gano garkuwar da ta manne wa jajayen ƙwayoyin. Sannan a ƙirga ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, domin erlikiya tana karya su, kuma lissafinsu zai shafi wani magani da za a ba ta. In asibitin da kike zuwa ba su da kayan, makarantar likitocin dabbobi ta jami'ar KNUST na kusa da ku.

Rashin ganin babesiya ko erlikiya a gilashi ba ya nufin babu su. Shi ya sa likitoci da yawa a nan ke haɗa doksisaikilin, maganin erlikiya, tun ranar farko, miligiram 10 a kowane kilo sau ɗaya a rana har kwana 28, wato miligiram 300 ga karyarki, tare da abinci. In an ga babesiya, allurar imidokab ce, miligiram 6.6 a kowane kilo, sau biyu da tazarar kwana 14. Kada ki yarda wani mai allurar shanu ya caka mata Berenil da ka. Tazarar da ke tsakanin magani da guba a kare ƙanƙanuwa ce, kuma in ya wuce kima, ƙwaƙwalwa yake taɓawa.

Ki duba gida ma. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jinin kare, dafaffu ko ɗanyu, kuma ragowar miyar wake da shinkafa, da shito, da albasar mai cincinga duk cike suke da su. Haka kafur ɗin da ake sa wa a kaya, da farasitamol.

Dokta na Tafo Zongo

Hajiya sannu da ɗawainiya. Bayanin Malam Mai Awon Jini daidai ne, ni zan ɗora a kan kuɗi da magani.

Lafiyayyen kare PCV ɗinsa tsakanin 37 da 55 yake. Taki tana 17, kuma ba lambar ce kaɗai abin dubawa ba, saurin saukar ne. Karen da ya sauka a hankali zai iya tafiya da ƙafarsa a 15, wanda ya faɗo cikin kwana biyu zai iya sumewa a 18. Don haka a makon farko a riƙa aunawa kullum ko bayan kwana biyu.

Firednisolon shi ne ginshiƙi, ba ya cikin zaɓi. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, ACVIM, ta fitar a 2019 ta ce miligiram 2 zuwa 3 a kowane kilo a rana, amma karen da ya haura kilo 25 da faɗin jiki ake yi masa lissafi, don manyan karnuka ba sa jure shi. Ga kilo 30 zai faɗo wajen miligiram 50 zuwa 60 a rana. In ƙwayar miligiram 5 ce a kemis, guda 10 zuwa 12 ke nan. Kada yawansu ya tsorata ki ki rage. Yakan ɗauki kwanaki kafin ya kama, kuma a cikin waɗannan kwanakin ne ƙarin jini ke shigowa. Ƙarin jini ba ya warkar da cutar, lokaci yake sayo wa maganin.

Abu na biyu, wanda ban ji kin ambata ba: maganin hana jini gudaji. Yawancin karnukan da wannan cuta ke kashewa a makonni biyun farko suke tafiya, kuma sau da yawa ba ƙarancin jinin ne ke kashe su ba, gudan jini ne ke toshe jijiyar huhu. Kulofidogirel ana ba da miligiram 1.1 zuwa 4 a kowane kilo sau ɗaya a rana, ƙwayar miligiram 75 guda ɗaya ta yi wa karyarki daidai, kuma ana samunsa a kemis na mutane. Sharaɗin shi ne ƙwayoyin tsayar da jini da Malam ya ambata kada su kasance ƙasa da 30,000. In sun yi ƙasa haka, a dakata.

Ga tsarin da zan ba ki: gwaji, firednisolon, kulofidogirel, doksisaikilin, sannan ki ajiye kuɗin ƙarin jini a gefe kada ki taɓa. Magani na biyu na danne garkuwa, wato azatayofirin ko saikulosforin, ya zo bayan waɗannan. Saikulosforin miligiram 5 ne a kowane kilo sau biyu a rana, wato miligiram 300 kullum har watanni. Wanda ya fara shi ya kasa ci gaba a mako na uku ya yi asarar kuɗi, kuma bai sayi komai ba.

Game da ƙarin jinin, ki nemi mai bayarwa tun yau, kada ki jira daren da za ta faɗi. Kare ne lafiyayye mai kilo 25 ko fiye, shekara 1 zuwa 8, wanda ba a taɓa yi wa ƙarin jini ba, kuma a duba jininsa don kada a ƙara mata babesiya. Ana iya ɗibar mililita 450 daga irinsa. Lissafin shi ne mililita 2 na cikakken jini a kowane kilo yana ɗaga PCV da maki 1, to leda ɗaya za ta ɗaga karyarki da maki 7 ko 8. A fara a hankali a rabin awar farko ana duba zafin jiki, amai da kumburin fuska, a gama cikin awa 4. Na farko yawanci yakan wuce lafiya, amma in kwana 4 suka wuce aka buƙaci na biyu, dole a gwada dacewar jinin biyun tukuna.

Alhaji Mai Karnuka, Sawaba

Dokta, a gafarce ni, a wuri ɗaya ban bi ka ba. Ka tura magani na biyu can baya, alhali ita wannan ƙa'idar ta 2019 ta lissafa babban kare cikin waɗanda ya dace a haɗa musu tun da wuri. Mai kilo 30 a kan miligiram 60 na firednisolon, bayan wata ɗaya naman cinya da na kai ya zube, ciki ya yi tulu, tashi ma sai da ƙyar. Azatayofirin ba shi da tsadar saikulosforin, ƙwayar miligiram 50 guda ɗaya ce a rana ga mai wannan nauyi, bayan mako 2 zuwa 3 a koma kwana ɗaya a tsallake ɗaya. Tun da yana ɗaukar makonni kafin ya yi aiki, jinkirta shi jinkirta rage firednisolon ne.

Hajiya, na gida kuma ga shi. Safe da yamma ki sa safar hannu ki ɗaga leɓenta a hasken rana, ki ɗauki hoton dasashin da waya, don ido yana saba wa canji a hankali. Ki ƙirga numfashinta tana barci, minti ɗaya cur. In ya zarce 35 ya ƙi sauka, ko tana haki alhali tana kwance a inuwa, ko ta faɗi, asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Gadi ya tsaya, gudu ya tsaya. Ruwa kada ya yanke a gabanta, domin firednisolon zai sa ta sha kamar raƙumi ta yi ta fitsari. Wannan aikin maganin ne, kada a hana ta ruwa don ta ɓata tsakar gida. Kashi baƙi kamar kwalta alamar gyambon ciki ce. Kuma kada kowa a gidan ya ba ta diklofenak ko ibufurofen don ya ga tana jin jiki, haɗa su da firednisolon yana huda hanji.

Dokta na Tafo Zongo

Alhaji, maganarka tana kan hanya, ban ƙi ba. Abin da ya sa na yi jinkiri shi ne azatayofirin arha ne a kemis, tsada a ɗakin awo. Yana iya taɓa hanta ya kuma danne ɓargo, ɓargon da muke roƙo ya ƙera sabon jini. Dole a auna jini da hanta duk mako 2 a wata biyun farko. Wanda zai iya wannan, ya fara. Wanda ba zai iya ba, gara ya tsaya a firednisolon ya sa ido. Amma in PCV ya faɗi da maki 5 cikin awa 24 duk da magani, ko bayan kwana 7 tana nan tana neman ƙarin jini, to babu sauran muhawara, a haɗa. Kada a fasa ƙwayar azatayofirin, mai juna biyu kada ta taɓa ta, kuma a nesanta ta da kyanwar gida, guba ce gare ta.

Maman Sadiya, Aboabo

Allah ya saka muku da alheri. Mun koma yau. Ba a ga babesiya ba, ruwan gishiri ya nuna cuɗewa, ƙwayoyin tsayar da jini 140,000, PCV 16. An fara firednisolon, doksisaikilin da kulofidogirel, kuma maƙwabcinmu ya yarda a ɗebi jinin karensa in an buƙata. Sauran tambaya biyu: maƙwabta na cewa in ba ta malt da madara ko maganin ƙarin jini na kwalba. Kuma yaushe za a daina maganin?

Mai Awon Jini, Asawase

Malt da madara ki bar wa masu jego, Hajiya, zawo kawai zai sa ta. Maganin kwalba kuma sinadarin ƙarfe ne, ita kuwa ba ƙarfe ta rasa ba. Ƙwayoyin da suka fashe a saifa da hanta ƙarfensu yana nan a jiki ana sake amfani da shi. Yana ma rage shigar doksisaikilin a hanji. Dafaffen nama ko kaza da shinkafa, ba albasa, ba yaji, kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a rana ya wadatar.

Dainawa kuwa ba a yi mata gaggawa. Sai PCV ya haura 30 ya tsaya a nan mako 2, sannan a rage kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, a jira mako 3, a auna, a sake ragewa. Gaba ɗaya yakan kai wata 3 zuwa 6. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga kare ya miƙe yana haushi a mako na uku a ajiye magani. Cutar takan dawo da ƙarfi, kuma jikin da ya saba da firednisolon ya rage ƙera nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da ita. Ki sayi na mako biyu gaba kullum, kada ya ƙare miki ranar Lahadi.

Rigakafin shekara a ɗage shi sai likita ya ce, kada kuma a bari ta ɗauki ciki. Kaska kuwa yanzu ta fi da haɗari tun da garkuwa a danne take: ƙwayar taunawa irin Bravecto tana riƙewa mako 12, NexGard wata ɗaya, ki tambayi likita ranar da ya dace a fara. Ban da kananzir, baƙin mai ko maganin feshin gona a jikinta. Ɗakinta a fitar da ita a yi masa feshi, a liƙe tsagogin bangon da siminti, sai ya bushe sarai a mayar da ita.