Shimfiɗar mahaifa milimita 5 ce, ciki zai iya zama?

Maman Ilham, Gyaɗi-Gyaɗi: Assalamu alaikum. Ƙanwata ce, shekararta 31. Tun da ta yi ɓari aka yi mata wankin ciki, shekara huɗu ke nan shiru, al'adarta ma ta koma ɗigo-ɗigo na kwana biyu. Sikanin ya nuna shimfiɗar mahaifarta milimita 5. Wata shida tana shan Clomid daga kemis. Ina mafita?

Likitan Mata: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tukuna, a rana ta nawa aka yi sikanin? Dama bayan gama al'ada shimfiɗar siririya take. Awon da muke aiki da shi na rana ta 11 zuwa 14 ne, ta gaba ba ta saman ciki ba, kuma ana so ta kai milimita 7 ko fiye.

Clomid ɗin nan ta ajiye shi. Yana sa ƙwai ya fita, amma yana tare aikin sinadarin istirojin a mahaifa, shimfiɗar ta ƙara sirancewa. Letrozole, wani maganin fitar da ƙwai, ya fi dacewa da irinta.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne raguwar jini bayan wankin ciki. Idan kankarar ta yi zurfi, bangon mahaifa kan yi tabo ya manne da juna. Wannan ko buhun magani ta sha ba zai buɗe ba. Sai an shiga da siririyar kyamara an raba mannewar, sannan a ɗora ta a kan Progynova, ƙwayar istirojin, galibi miligiram 2 sau biyu ko uku a rana, a sake aunawa. Ta nemi ganin likitan mata a asibitin Malam Aminu Kano.

Sista Mai Awo: Ƙari a kan na Likita, a ɗebi ɗan naman shimfiɗar a duba. Tsohon ciwon sanyi na mahaifa sau da yawa ba ya nuna alama, maganinsa doxycycline miligiram 100 safe da yamma, kwana 14. Tibi ma na kama mahaifa ba tare da tari ba. Matsin nan na masu kayan mata kuwa, don Allah ta bari.

Abban Sadik: Likita, ina batun aspirin da allurar PRP, wadda ake haɗawa daga jinin mutum, da ake ta talla?

Likitan Mata: Hujjarsu ba ta yi ƙarfi ba, Malam, kada a fara zuba kuɗi a nan. Rashin zaman ciki ma sau da yawa daga ɗan tayin ne. A yi hoton HSG a ga ko bututun ƙwai ya tara ruwa, maigidan kuma ya kai maniyyi gwaji bayan hutun saduwa na kwana 2 zuwa 7.