Musayar Waƙa: Matan Daura, Daga Magajiya Zuwa Mai Mazari

Malam Na-Kusugu:
Da sunan Allah nake buɗe tambaya,
Ga masu sanin Daura tun daga can baya.
In an tashi ba da labarin rijiya,
Sai a hau yabon baƙo da kisan macijiya.
Wa ya tarar a kan gado? Ku faɗi gaskiya.

Gwaggo Ta-Zango:
Malam, wadda ya tarar ita ce Magajiya,
Daurama, kuma mata sun riga ta hawa tun baya.
Kufuru ce farko, Ginu ta biyo ta a hanya,
Yakumo ta hau, ta sauka ta bar wa Yakunya.
Tsohon Birni suka zauna gaba ɗaya,
Daga can aka taso Daura, mace ce ta ja gayya.

Kada a tsallake Ayana, tsohuwa mai zuciya,
Ita ta sauki Bayajidda ya gaji da tafiya.
Ya nemi ruwa, ta ce babu ko a ƙwarya,
Sai Juma'a ake ɗiba, ta ba shi guga ta nuna rijiya.

'Ya'yan Bayajidda uku, uwa ba ɗaya:
Bawo ɗan Daurama ne, Karɓagari ɗan Bagwariya,
Biram na Garun Gabas, Magira ce mahaifiya.
'Ya'yan Bawo 6, a ƙara Biram ɗaya,
Hausa Bakwai ke nan, kowa da uwa a baya.

'Yar Baure:
Gwaggo, na karɓa, amma zan juya amo zuwa ri,
Sarauta na da maroƙa, wa ya yi wa mai kaɗi kirari?
Rigar da sarki ya sa, a hannunta ta fara shiri:
A gurje auduga kan dutse da ƙarfe siriri,
Angurya ta fita gefe, abin kaɗi ya rage fari.
In da danshi, angurya ta fashe ta ɓata shi da wuri.
A shiɓe da baka har ta tashi, ba dunƙule ba tauri,
A shafa alli a yatsa kafin a murza mazari,
Don gumi na sa santsi, zare ya fita ba tsari.
Murza ta yi yawa, ya ƙudundune tun bai je gari,
Ta yi kaɗan, ya tsinke wa masaƙi da sauri.
Arafiya siririya ce, abawa ce mai kauri,
In ba su, marina da masaƙa sai su rufe wuri.

Hajiya Mai Makuba:
'Yata, kin yi kaɗi, saura ƙasan ɗaki ba ki duba ba,
Wa ke daɓe a Daura tun da, in ba mata ba?
A baza tsakuwa a daidaita, kada gefe ya fi gaba,
A yayyafa ruwa ya tsuma ta, ba kwarara ake yi ba.
Ɓawon ɗorawa a jiƙa, ruwan ya yi ja, shi ne makuba.
A jeru da madaɓi ana waƙa, hannu ɗaya ba ya iyawa in ba gayya ba.
Ruwa ya yi yawa, ƙasa ta bi madaɓi, ba ta kwanta ba,
Ya bushe da gaggawa, ya tsage, kamar ba a yi ba.

Itacen nan dai shi ke ba mu kalwa,
A dafa ta yini da kwana, ana ƙara ruwa,
A surfa a turmi, ɓawo ya saki, a kai wankewa.
A mayar wuta karo na biyu da ɗan jiƙon kanwa,
A tsane, a rufe da ɗuminta a ɗaki mai inuwa.
Kwana 2 ko 3 za ta nuna, in ba a yi ta buɗewa,
Mai leƙe na korar zafi, ta ƙi yin daddawa.
Da hunturu a ƙara tsumma, sanyi na hana nunawa.
A kirɓa, a faffaɗa, rana ta gama busarwa,
Yarinya ta ɗauki talla, uwa na ɗaki tana cin kasuwa.

Malam Na-Kusugu:
Hajiya, kin ƙosar, bari in koma amon farko na ya.
A 1805 Malam Ishaku ya karɓi gari, Sarki Abdu ya kama hanya,
Zango da Baure suka zama mazaunin zuriya,
Sai 1906 Malam Musa ya dawo gadon kakanni na can baya.
Sunayen maza aka jera a takarda ɗaya bayan ɗaya,
Ba a jera waɗanda suka goya yara suka ɗauki tukunya.
Cikin abin da ya rage a fada akwai sarautar Magajiya.

Gwaggo Ta-Zango:
Hajiya, gyara ɗaya: kanwar nan kada ta yi yawa,
Tana narkar da kalwa ta caɓe tun kafin rufewa.
'Yar Baure, baiti na gaba naki ne, kada ki ce gajiya kike yi wa:
Ungozoma, yankan cibi, da kwana 40 na tafasa ruwa.