Fatar akuya ko tantani: wanne ya dace da kilarinet a Kano?

Kofur mai ritaya: Jama'a, na faɗa na ƙara: mai busa kilarinet (abin busar nan na Turawa mai maɓallai) a Kano ya daina ɓata kuɗi kan matoshan tantani na waje, wato 'yan faifan da ke ƙarƙashin maɓallai suna rufe ramukanta, waɗanda ake lulluɓewa da tantanin hanjin saniya. Ga fatar jar akuya jibge a Ƙofar Wambai, wadda Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. Ita ta dace da garinmu.

Baban Hanifa: Yallaɓai, a gafarce ni, ban yarda ba. Fatar kasuwa ta jaka ce da takalmi. Ta matoshi sai an fere ta ta yi siriri ƙwarai, sannan a naɗe ta kan ulu da kwali. Kuma fata tana da ƙofofin gashi, iska na zurarewa. Yoyo kaɗan a rami ɗaya na sama, sai muryoyin ƙasa su ƙi fita.

Kofur mai ritaya: To tantanin hanjin saniyar naku fa? Hunturu na kamawa ya bushe ya tsage, asu ya cinye ulun. Mu a badujala rana muke sha a fili, ba a ɗaki mai sanyi muke busa ba.

Sani mai gyara: Baba Kofur, ai ba a yi wa ramukan kuɗin goro. Ƙananan na sama, inda ruwan numfashi ke taruwa, kok nake sa musu, ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi. Ba ruwansa da laima, yana shekaru. Sai dai ba ya lotsawa, in bakin ramin ya ɗan gutsure ba zai zauna ba, ga ƙwas-ƙwas idan maɓalli ya sauka. Manyan huɗun nan na ƙasa kuwa, musamman a tsohuwar kilarinet da ta sha hannu, fata na ba su, don tana rufa asiri. Amma fatar da aka yi don aikin, ba ta dukawa ba.

Ummi: Ina wuni iyayena. Ba wanda ya ambaci matoshan roba irin samfurin Valentino. Damina ko hunturu duk ɗaya ne a wurinsu.

Kofur mai ritaya: 'Yata, roba kashe murya take yi.

Ummi: Baba, a rufe maka ido a busa biyun, za ka bambanta?

Sani mai gyara: Ku kawo su shago ranar Asabar. Zan fara zura siririyar takarda ƙarƙashin kowane matoshi, wanda bai kama ta ko'ina ba ya fita daga gasar.

Kofur mai ritaya: Zan zo, da fatata a aljihu.